Hamsin da Takwas

Ran Talata, asibitin ƙirji a Leicester,
yayyafi na sauka kamar mai jin kunya.
Na zauna da rigar sanyi biyu a jikina,
ƙirjina na kukan da na saba da shi,
kukan ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba.

Moira, ma'aikaciyar jinya, ta miƙo mini na'ura,
ba ta fi gwangwanin madara girma ba.
Ta ce, ja iska har gindin huhu,
sannan ka hura a hankali, daƙiƙa goma,
ban da gaggawa, ban da kasala.
A kan allo ga wani ɗan gajimare,
aikina in riƙe shi tsakanin layi biyu
da iskar bakina kaɗai.

Na farko ya faɗi.
Na biyu ya yi sama ya ɓace.
Na yi dariya, dariyar ta rikiɗe tari.

Shekara goma sha tara ina kwaɓa fulawa
a gidan burodin da ke bayan tashar jirgi,
ƙarfe ukun dare ina bakin tanda.
Gari na sauka a girata, a gemuna, in wanke.
Ban san yana sauka
inda soso ba ya kaiwa ba.

A na uku na tuna Inna a bakin murhu,
itace jiƙe, kumatu cike,
ba ta hura da ƙarfi, da haƙuri take hurawa.
Gajimare ya tsaya cak.

Muka jira minti guda, ni da Moira da agogo.
Hamsin da takwas.

Babu allura, babu ɗibar jini.
Ta ce hanyoyin iska idan suka kumbura
suna sakin wani tururi, ba launi ba wari,
shi na'urar ke ƙirgawa,
ɗaiɗai cikin biliyan.
Ta ce lambar ta yi sama.
Ta ce, abin shaƙar nan mai ruwan ƙasa,
kana shaƙa safe da yamma?

Na dubi takalmina.
Yana cikin aljihun tebur
tare da tsofaffin makullai da rasit ɗin wuta.

Ni da nake ce wa Barira da sauƙi kowace asuba,
ni da nake ce wa mai gidan burodi lafiya lau,
ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na sani,
amma ba wanda ya gaya mini
cewa abin da baki ya rufe
iska na iya kai ƙararsa.

Mako shida, in ji ta, ka dawo mu sake ji.

A tashar bas sanyi ya kama,
numfashina ya fito fari, kowa na gani.
Na tsaya ina dubansa
kamar wasiƙar da aka aiko mini
da rubutun da ban koya ba.