Katifar Faɗuwa

Na shiga Kasuwar Barci neman katifa,
amma ba ta barci ba.
Malam Jatau ya ɗago daga keken ɗinki,
allura a baki, ya ce, "Aure za ka yi?"
Na ce, "A'a, faɗuwa zan yi."
Ya zare allurar, ya dube ni sama da ƙasa
kamar mai tayin akuya.

Na ce akwai wani dutse a hanyar Kajuru,
bai fi tsayin shagon nan ba,
baƙi, mai tumbi kamar randa.
Ba igiya, ba tsani,
yatsu kawai, da garin alli, da taurin kai.
Bara ya tofar da ni.
Ga idon sawun, taɓa ka ji,
shi ke gaya mini hadari
tun gajimare ba su haɗu ba.

Ya jawo mai laushi, ya ce,
"Wannan ko ƙwai ka jefa ba ya fashewa."
Na taka ta da dunduniya.
Ta lotsa, ta lotsa,
har sumuntin shago ya gaishe ni.
Mai laushi haka munafuka ce,
za ta tarbe ka da fara'a
ta miƙa ka ga ƙasa.

Ya jawo mai tauri, ta masu ciwon baya.
Na diro mata daga kan benci,
haƙorana suka gwaru,
yaran shago suka kwashe da dariya.
Wannan kuwa gaskiya ce tsirara,
ba ta yaudara, ba ta jin ƙai.

"To me kake so, ɗan nan?"

Biyu nake so a riga ɗaya.
Mai tauri a sama ta watsa nauyina,
mai laushi a ƙasa ta shanye shi.
Kamar kakata Ladi:
faɗa a bakin ƙofa,
tuwo a rufe a ɗaki.

Kauri, tafin hannu.
Riga ta tamfol, saboda ƙaya da tsakuwa.
Ta naɗe biyu, amma ka kula da gaɓar,
nan ƙafa ke zurmawa.
Ka ɗinka mata hannuwa in goya ta.
Kada ta cika faɗi,
ɗan acaɓa na ganin ta zai ninka kuɗi.

Ya lissafa a bayan takardar tsire.
Na ga adadin, na haɗiye yawu.
Na taya, ya ce albarka.
Na tuna kuɗin mai ɗori,
da wata uku ina dogara sanda,
ina kallon dutsen a cikin waya.
Na ƙara. Ya sallama.

Yana yanka soso ya ce,
"Shekara talatin ina ɗinka wa mutane makwanci.
Kowa hawa yake lissafi.
Kai ne na farko da ya zo awon faɗuwarsa
tun bai ɗaga ƙafa ba."

Ranar Asabar na goyo ta.
Kazah na ƙasa, hannuwa sama,
yana tura ta da ƙafa duk inda inuwata ta nufa.
Kamu ɗaya. Kamu biyu.
A na uku dutsen ya janye gaisuwarsa.

Tim.

Na kwanta ina jiran zafi,
bai zo ba.
Sai wani shaho can sama
yana kewaya abin da bai shafe shi ba.

Sau goma sha ɗaya ta karɓe ni ranar,
ba ta tambaye ni dalili ba.
Ban kai ƙololuwa ba. Akwai wata Asabar.

Da la'asar na dawo daga wanke hannu,
na tarar da Kazah ya miƙe a kanta,
hula a fuska, yana minshari.
Na ƙyale shi.
'Yar Kasuwar Barci ce,
ba ta manta gidansu ba.