Dutse a Tukunya

A katakon ƙofarmu, a San Pedro,
akwai tsagar wuƙa goma sha biyar.
Duk shekara Baba kan jingina ni, ya tsaga daidai kaina.
Bana bai ɗauko wuƙar ba.
Ya dubi cikina, ya dubi tafkin Atitlan, ya fita.

Ban gama tsawo ba, ɗana.
Ka zo ka tarar ana gini:
magina biyu, tubali kwando ɗaya.

Malamar asibiti, Rosalina, ta murza wuyan hannuna
kamar mai zaɓen rake.
Ta ce, "Na ciki ba ya roƙo, ɗauka yake.
In bai samu a kwanonki ba,
zai kankara daga ƙashinki."
Ta ba ni farar ƙwaya, kalsiyam,
mai ɗanɗanon allin makarantar da na bari.
Ta ce in sha madara.
Ban gaya mata kuɗin kwali ɗaya
masarar kwana uku ba ne.

Kaka Petrona ba ta ce komai ba sai da dare ya yi.
Ta ɗora tukunya, ta zuba masara,
ta ɗebo farar ƙasa a ƙoƙo, ta barbaɗa.
Ruwan ya koma rawaya.
"Kin san mene ne wannan? Dutse ne, ƙona shi aka yi.
Mu dutse muke ci tun fil azal,
shi ya sa kakanki ya hau tsauni da buhun kofi a goshi."
Da asuba tafin hannunta na tafa waina,
tas, tas, tas,
kai kuma kana amsawa da ƙafa.

Ta hana ni lemon kwalba.
Ta sayo ƙananan kifi busassu,
ta tsaya a kaina: a ci da kai, a ci da ƙaya.
Baƙin wake, ganye, in an dace ƙwai.
Wani daren sharaɓata ta ɗaure, na yi kuka,
ba don ciwon kaɗai ba.
Wilmer yana arewa, wayarsa a kashe.

Ka zo da farkon ruwa.
Maɗigarka na bugawa kamar maƙogwaron kwaɗo.
Kowace hantsi in fito da kai rana,
in bi ƙwaurinka da yatsa a ɓoye,
ina neman inda na gaza.

Wata goma sha huɗu.
Jiya ka kama katakon nan, ka miƙe,
ƙafafu sambal, kana dariya da haƙora shida.
Baba ya daɗe yana kallo.
Ya shiga ɗaki, ya fito da wuƙar,
ya durƙusa, ya tsaga can ƙasa.

Bai ɗago ido ba ya ce, "Ke ma jingina."

Sabuwar tsagar ta ɗara tsohuwar da yatsa ɗaya.
Kaka na bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba.
Ta ce, "A miƙo mini ƙoƙon."