Minti Uku da Rabi

Ƙarfe uku na dare a Punta Arenas,
iskar mashigi na kokawa da kwanon rufi,
ni da kofin shayi mun huce tare
gaban allon da ke ƙirga numfashin na'urori.

Don Heriberto ya koya mini aikin, da alli:
"Saƙo ɗaya ake saki daga tushe, Ximena,
ba dubu ba. A mararraba yake haihuwa.
Inda hanya ta rabu biyu, ya zama biyu;
inda babu mai jira, ko leƙe ba ya yi."

Ya ce a da ambaliya ake yi,
a tura wa kowa, mai so da marar so,
sai wanda ya gaji ya ce a datse.
Na yi dariya: ai uwata ke nan,
in ta ɗora labari a murhu a Chiloé
ƙaurinsa na kai wa Arica kafin rana ta take.

Yanzu kuwa sai ka nema.
Ka aika sama, hawa-hawa, har mahaɗa:
ina nan, a yi da ni.
Bishiya ta miƙo maka reshe.
Amma reshen haya ne, ba gado ba,
kowane minti sai ka sabunta magana.
Ka yi shiru minti uku da rabi,
a share sunanka, ba fushi, ba sallama.

Daren nan reshen Porvenir ya faɗi.
Na bi sawu. Ba waya ce ta tsinke ba,
saƙon ne ke shigowa ta wata ƙofa.
Ita kuwa na'ura, in ba ka ɓullo
ta hanyar da take bi ta koma tushe ba,
ba ta san ka ba. Zubarwa take yi.
Layi ɗaya na gyara. Tsibiri ya dawo,
talabijin na ta surutu da kujerun masu barci.

Sai Nibaldo ya faɗo mini, ƙanena,
can arewa, a ramin tagulla.
Shekara huɗu. Ban san wa ya fara shiru ba.
Na'ura dai tana da agogo, tana da hujja.

Na ɗauki waya, na rubuta: ina nan.
Na goge. Na sake rubutawa.
Can ƙasa jirgin fito na ɗumama inji.
Na tura.
Alama ɗaya, toka-toka.
Ta biyun ba ta fito ba tukuna.