Inda Kwalta Ta Ƙare

Bayan Ɗanbare, inda kwalta ta ƙare,
Baffa Sallau ya kashe mota, ya miƙo mini makulli:
"Zagayo, Uwani. Yau ke za ki kai mu."

Tsohuwar a-kori-kura, ƙofarta ɗaure da igiya.
Ruwan jiya bai gama tsanewa ba.
Na shaƙe sitiyari har tafina ya jiƙe.
Ya ce, "Sassauta, ba kaza ba ce."

Giya ta ɗaya. Mota ta yi tari, ta mutu.
Yara masu kiwon awaki suka tuntsire da dariya.
Karo na uku ta yarda.

"Kar ki kalli rami, kalli inda taya za ta taka.
Bi sawun amalanke, shanu sun riga ki sanin hanya.
Kududdufin da ba ki san zurfinsa ba,
sauka ki tambaye shi da kara."

Na sauka, na tambaya.
Iyakarsa idon sawu.
Muka ratsa, ba birki, ba gaggawa,
taɓo ya yi wa gilashi lalle.

Gero na shafar madubi.
Wani jaki ya tsaya tsakiyar burtali yana tunani,
muka jira shi ya gama.

A gindin ɗorawa na juya kan mota da kaina.
Can nesa, hayaniyar titin Gwarzo
ta koma kukan sauro.

Baffa bai ce na iya ba.
Goro ya ɓara, ya ba ni babban ɓarin,
ya kishingiɗa,
ya ja hula ya rufe ido.