Jinin Zoɓo

Tun asuba na jiƙa zoɓo kwano biyu,
ba citta, ba kanumfari, ba don a sha ba.
Na dama sitaci na zuba har ya yi kauri,
na ɗiga manja don ya yi ƙyalli a rana.
Mudan ya leƙo, ya tsoma yatsa, ya ce,
"Kande, wannan jinin mai lafiya ne.
Na wanda ya kwana uku nake so."
Sai na kankaro gindin tukunya.

Ni da ke zana wa amaren Tudun Jukun gira,
yau ga ni a tsohuwar tashar jirgi
ina liƙa ganda a kumatun mutane,
ina yage ta da tsinken tsire.
Ga hanjin akuya daga mahauta, cikin bokiti.
Ƙudaje sun zo ba gayyata,
su kaɗai ne ba su tambayi nawa za a biya ba.

Fim ne na matattu masu tashi,
ba busa ƙaho, ba hisabi,
yunwa ce kawai ta tashe su.
Mutum arba'in aka nema, ɗari biyu suka zo:
dubu ɗaya da rabi a wuni,
da shinkafa ƙulli guda a leda.

Baba Jatau na gaban layi.
Shekara talatin da ɗaya yana ɗaga wa jirgi tuta a nan,
fanshonsa ya maƙale a wani fayil da ba ya tafiya.
Na ɗebo toka zan shafa masa,
na dubi fuskar, na mayar da tokata.
Wani ya riga ni aikin,
kuma hannunsa ya fi nawa.

"Ku ja ƙafa," in ji Mudan, "ku karya wuya,
ku miƙa hannu, kada idonku ya tsaya kan komai."
Baba ya yi dariya har gandar ta ɓamɓare:
"Yaro, ai haka nake shiga banki
duk ƙarshen wata."

An rufe mai babbar riga cikin jif, gilashi a ɗage,
su kuma suka yanyame ta, suna shafa mata zoɓona.
'Yan jami'a biyu daga Samaru na gardama a inuwa.
Ɗaya ya ce talakawa ne, ranar da tura ta kai bango.
Ɗaya ya ce a'a, masu cin kasafi ne,
ciki ya ruɓe, baki bai daina ba.
Mai awara ta juya mai, ba ta ko ɗago ba:
"Ni dai tun safe nake kallo,
ban ga sun ci junansu ba."
Aka yi shiru. Awara na ta soyuwa.

Wajen la'asar ƙarfen dogo ya yanki wani yaro a dunduniya.
Jinin ya fito tsararo, ba kauri, ba ƙyalli,
ƙasa ta shanye shi nan take.
Mai kyamara ya karkato, ya duba, ya girgiza kai:
"Wannan ba zai fito ba.
Kande, ɗan ƙara masa naki."
Na ƙara.
Allah ya yafe mini, ya fi kyau.

Da magariba famfo ya yi tari, ba ruwa.
Mai kura ya ce jarka ɗari uku.
Baba Jatau ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, ya ce a bar shi,
zai wanke a gida.
Haka ya tako, hanji a wuya, rabin kunci a buɗe,
ya ratsa kasuwar Sabon Gari, ya bi ta Kwangila,
cikin 'yan acaba da masu jiran mota.
Ina biye da bokitina, ina jira a watse.

Ba wanda ya waiga.

Na yi alwala sau biyu, jan bai bar farcena ba.
Gobe akwai fitowar asibiti.
Mudan ya ce in jiƙa kwano huɗu.