Mai Gyaran Koma a Peniche

Ƙofar gidana ce ta fara lanƙwasa.
Na tsawata wa Gualter kafinta,
na ce katakonsa ɗanye ne.
Ya kawo ma'auni ya ɗora:
ƙofa na nan tsaye yadda ya bar ta.
Sai bakin teku ma ya karkace,
layin nan da na sani shekara saba'in da huɗu,
inda ruwa ke haɗuwa da sama.
Shi kam babu kafintan da zan zarga.

Ran Alhamis muka hau bas zuwa Leiria,
ni da jikata Iria.
Likita Benvinda ta ɗiga mini magani,
ta haska, ta ɗauki hoto,
ta juyo mini da allon.
Ga bayan idonka, in ji ta.
Can ƙurya akwai wata raga
da ba ta kai ɓawon albasa kauri ba,
ita ke kama haske yadda komarka ke kama kifi.
Na ce, raga? To miƙo mini allura da zare.
Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Ta nuna ɗigo-ɗigo rawaya a ƙarƙashin ragar.
Shara ce, ta ce, ta shekaru,
da ta tabar da ka zuƙa a cikin jirgi.
Ido yana da masu gadinsa,
ƙanana, ba sa runtsawa,
su share, su kwashe, ba wanda ya san da su.
Da shara ta fi ƙarfinsu sai suka yi kururuwa.
Ba da murya ba,
wani sinadari suke saki, shi ne saƙon,
wannan ya taɓa wancan, wancan ya ta da na gaba,
har jini ya ji, ya turo dakarunsa.
Suka zo da zafi, suka zo da kumburi,
ba su tarar da baƙo ba,
sai suka hau 'yan gida.

Na san wannan.
Shekarar da gobara ta kama siton Amadeu,
ba wutar ce ta cinye shi ba.
Mu ne, da bokitai da gatari,
kowa na ihu, kowa na taimako,
muka fasa bango, muka jiƙa gishiri.
Da safe ba abin da ya rage sai mu da gajiya.

Kuma ba su daina kira ba, in ji ta.
Kiran ne ya sa sababbin jijiyoyi suka tsiro
inda ba a shuka su ba.
Gaggawa ta haife su, shi ya sa suke yoyo.
Ruwan ya ɗaga ragar, layi ya lanƙwasa.
Garin neman gira ke nan.

Yanzu kowane wata sai allura,
ba tawa ta katako ba, tata,
a cikin farin idon.
Dubi sama, dubi hagu, kar ka motsa.
Ba ta korar masu gadi,
saƙo ɗaya take tarewa a hanya
ko unguwa ta samu ta lafa.
Na tambaya ko abin da ya yage zai ɗinku.
Ta ce, za mu riƙe abin da ya saura.
Na gane. Haka nake gaya wa masunta
in sun kawo komar da dutse ya ci.

Tsakiyar kome ta tafi.
In na dubi Iria, ga gashinta, ga kunnuwanta,
ga sarƙar kakarta a wuya,
fuskar kuwa gajimare ya zauna a kai.
Na koyi kallonta a kaikaice
kamar mai jin kunya.
Ta wutsiyar ido murmushinta ke iso mini.

Har yanzu ina fita bakin tashar jirage.
Yatsuna sun san ƙulli,
ba su taɓa neman izinin ido ba.
Wani daren, in gari ya yi tsit,
nakan yi wa masu gadin magana a hankali:
Ya isa, 'ya'yana.
Ni ne, babu kowa.
Ku ajiye gatarin.