Takalmin Hagu

Shekara ashirin da shida ke nan
ina zaune a gindin maina, ƙofar kwaleji, nan Azare,
da basilla da zare da kakin zuma,
ina karanta mutane ta ƙafafunsu.

Talle ya zo daga Gamawa da but na aro.
Na dama ya yi masa yawa, ya cusa jarida,
na hagu ya wage baki kamar mai son magana.
Na ce naira talatin. Ya ce sai Juma'a.
Har yau Juma'ar ba ta zo ba,
ni ma ban aika a kira ta ba.

Ƙafar hagun nan tasa!
In ya ɗauki ƙwallo daga bakin layi
masu gyaɗa kan manta da farantinsu,
'yan acaɓa su kashe babur su haye katanga.
Ranar da 'yan Bauchi suka zo da doguwar motarsu
ya yanke uku, ya zaunar da na huɗu,
can ya murɗo ta daga kwana, ta shige raga ita kaɗai.
Golansu ya tsaya yana duban tafin hannunsa
kamar wanda aka ba canjin da bai cika ba.

Sai aka ce manya za su zo kallonsa,
masu littafi da biro, daga babban kulob.
Sun zo, an kai musu kujeru inuwa.
Minti goma sha ɗaya da take wasa
ƙafarsa ta faɗa ramin da ruwan bara ya ci.
Ba wanda ya taɓa shi.
Daga nan inda nake na ji ƙarar,
irin ta busasshen kara a ƙarƙashin taya.
Masu biro suka ƙarasa lemonsu suka tafi.

Wata huɗu a gidan mai ɗori a Shira.
Ya dawo da ɗingishi da shiru,
ya ajiye mini na hagun, ya ce, "Riƙe, zan dawo."
Ya karɓi takardarsa, ya tafi koyar da lissafi a Itas.
Shekara tara ban ji ɗuriyarsa ba.

Rannan da asuba sai ga mutum a tsakiyar fili,
kwanon sarki a kansa, yana zuba jar ƙasa,
yana dannewa da ƙafar da ta rage masa.
Rami bayan rami.
Bai rataya usur a wuya ba
sai da ya auna filin nan taku-taku.

Yanzu Koci suke ce masa.
Ba ya ihu. In yaro ya yi rowar ƙwallo
sai ya miƙa masa jarka ya ɗebo wa saura ruwa.
Ɗan cikinsa, Mudi, ya ci benci wata biyu
don ya makara sau biyu;
sati guda uwar tana miƙa tuwo ba magana.
Kofi ɗaya ya taɓa ɗaukowa, a Gombe, da bugun fenariti.
Biyu sun kuɓuce masa a wasan ƙarshe.
Wanda ya kawo yana ofishin shugaba, ana zuba makullai a ciki.
Ƙarshen wata yakan zo da buhun takalman yara,
ya biya daga albashinsa yana mitar na tsawwala.

Jiya ya zo da wani siririn yaro daga Udubo,
ƙafa ba takalmi, ido ba tsoro.
Ya dubi tsohon akwatina
inda na hagun nan ke shan man kaɗanya kowace damina.
"Fito da shi," in ji shi.
Yaron ya saka. Ya yi masa yawa.
Talle ya yi dariyar da rabona da jin ta tun kafin ramin,
ya sunkuya ya yagi jaridar da nake zaune a kai.

"Na dama fa?" in ji yaron.
"Malam Barau zai ɗinka maka.
Zan biya Juma'a."